Darasin Kimiyya: Gishiri ko Kulorin a Ruwan Kwamin Ninkaya?

Fanni: Kimiyyar sinadarai
Aji: Babbar sakandare, aji biyu
Kayan aiki: kofin gilashi, gishiri, batir mai bolt 9, waya biyu, fensir biyu, jiƙaƙƙen zoɓorodo

Manufar darasi

In mun kammala, ana son kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da kulorin ke yi a cikin ruwa;
2. nuna yadda lantarki ke fitar da kulorin daga gishiri;
3. lissafa gishiri da kulorin da kwami ke bukata;
4. auna hanyoyin biyu da yanayin Gusau, Tsafe da Bungudu;
5. ɗaukar wannan ilimi zuwa ruwan sha na gida.

Shimfiɗa

Ɗalibai, yawancinku a gulbi ko a kududdufi kuka koyi iyo. Yaron Karakkai ko na Kwatarkwashi, da zarar damina ta kankama, ya san inda zai je ya yi nitso. Kwamin ninkaya na siminti da tayil kuwa, sai a wasu otal-otal da gidajen masu hali a manyan birane. Don haka ba zan yi mamaki ba in wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina ruwanmu da kwamin ninkaya?"

Ga dalili. Kwami ruwa ne da aka tsare wuri ɗaya, mutane na shiga suna fita, rana na dukansa, ƙura na zuba a ciki. Duk abin da ke ɓata ruwa ya haɗu a nan, kuma ana iya auna shi daki-daki. Ɗalibin da ya gane yadda ake riƙe tsabtar wannan ruwa ya gane aikin gidan ruwa na Gusau, da tankin asibiti, da randar ɗakin mahaifiyarsa.

Hanyoyi biyu suka fi shahara a duniya. Ta farko, a sayo kulorin a riƙa zubawa. Ta biyu, a narka gishiri a ruwan, a haɗa wata na'ura ta lantarki. Mutane da yawa suna zaton ta biyun ba ruwanta da kulorin. Wannan zato kuskure ne. Duka biyun kulorin ne ke aikin. Bambancinsu shi ne inda ake yin kulorin ɗin, a masana'anta ko a tsakar gida. Kamar mai sayen gari a kasuwa ne da wanda ya girka injin niƙa a gidansa. Tuwon dai ɗaya ne, ɗawainiyar ce ta bambanta.

Kashi na ɗaya: abin da ke ɓata ruwan kwami

Abu uku ne. Na farko ƙwayoyin cuta, waɗanda ke sauka daga jikin masu wanka: masu sa gudawa, da ciwon ido, da ciwon kunne, da ƙuraje. Na biyu gansakuka, wadda ke mai da ruwa kore, ta sa bango santsi. Zafi da hasken rana take so, kuma mu a nan muna da su a wadace. Na uku dattin jiki da na sarari: gumi, fitsari, man shafawa, ganyen darbejiya, ƙurar hunturu.

Kowane kwami yana da injin tura ruwa da matata, galibi ta yashi. Injin yana zagaya ruwan ta cikin matatar, ta riƙe abin da ido ke gani. Ana son duk ruwan ya bi ta matata sau ɗaya cikin awa 6 zuwa 8. Amma ƙwayar cuta tana iya ratsa yashi ta wuce, don haka sai an sami abin da zai kashe ta.

Kashi na biyu: kulorin da aikinsa

Kulorin sinadari ne mai lamba 17 a jadawalin sinadarai, alamarsa Cl. In yana shi kaɗai, iska ce mai launin rawaya-kore, mai shaƙe numfashi. Carl Wilhelm Scheele na ƙasar Suwidin ne ya fara fitar da shi a 1774, sannan Humphry Davy na Ingila ya tabbatar a 1810 cewa sinadari ne mai zaman kansa. Gubarsa ba ta wasa ba ce, don an yi amfani da shi a matsayin makami a Ypres ta Beljiyam a 1915. Amma ɗan kaɗan a cikin ruwa ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa. A 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara sa shi a ruwan famfo babu yankewa, bisa jagorancin likita John Leal, wasu birane suka bi, mace-macen taifot suka yi ƙasa sosai.

Ko ta wace hanya kulorin ya shiga ruwa, yana rikiɗa ya zama wani asid mara ƙarfi mai alamar HOCl. Shi ne ainihin ma'aikacin. Ƙarami ne, ba ya ɗauke da cajin lantarki, saboda haka yana kutsawa ta bangon ƙwayar cuta ya lalata kayan cikinta. Sai dai wani sashe nasa yana rabuwa:

HOCl ⇌ H⁺ + OCl⁻

Shi OCl⁻ yana kisa, amma da nawa, ƙarfinsa bai kama ƙafar na HOCl ba. Abin da ke raba musu gado shi ne ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14, 7 ce tsakiya. Lemon tsami da tsamiya suna ƙasa da 7, ruwan kanwa da ruwan toka suna sama. A pH 7, kusan kashi uku cikin huɗu na kulorin yana siffar HOCl. A 7.5 rabi ne. A 8 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shi ya sa ake riƙe ruwan kwami tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin kuma tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita.

Ƙwayoyin cuta ba ƙarfinsu ɗaya ba. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna cewa a miligiram 1 a lita, pH 7.5, ƙwayar E. coli ba ta kai minti ɗaya, ƙwayar ciwon hanta nau'in A tana ɗaukar kusan minti 16, Giardia kusan minti 45, ita kuwa Cryptosporidium tana iya wuce kwana 10. Ku lura da wannan ta ƙarshe. Ita ce dalilin da ya sa mai gudawa ba ya shiga kwami, komai kyan ruwan.

Abubuwa biyu ke cinye kulorin. Ɗaya rana ce: haskenta yana wargaza shi, cikin awa biyu zuwa uku na tsakar rana mafi yawansa ya tafi. Maganin haka shi ne asid ɗin sayanurik, wanda ke riƙe kulorin ya kare shi daga haske. Miligiram 30 zuwa 50 a lita ake so. Ɗayan kuma gumi ne da fitsari. Kulorin yana haɗuwa da su ya zama kuloramin, mai wari, mai sa ido ja. Saboda haka in kun ji kwami yana warin bilic sosai, ba yawan magani ba ne, datti ne ya fi ƙarfin maganin.

Kashi na uku: hanyar zuba kulorin

Iri uku ake samu a kasuwa.

Na farko gari ne fari mai tsaki-tsaki, kalsiyam haifokulorait, wanda ma'aikatan ruwa ke kira HTH. Ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Yana narkewa da wuri, yana da ƙarfi, amma yana barin kalsiyam a ruwa, yana kuma ɗaga pH.

Na biyu ruwa ne, sodiyam haifokulorait, ɗan uwan bilic ɗin wanki irin su Jik da Hypo. Na kwami yakan kai kashi 10 zuwa 12, na wanki bai kai rabin haka ba. Aibinsa shi ne zafi yana kashe shi. Jarkar da ta yi bazara a shagon kwano ba za ta ba da ƙarfin da aka rubuta a jikinta ba.

Na uku dunƙule ne, tarayikulo, mai ƙarfin kusan kashi 90. Ana sa shi a ɗan kwando mai yawo a kan ruwa, yana narkewa a hankali. Yana zuwa da sayanurik a jikinsa, kuma yana sauke pH.

Kyawun wannan hanya shi ne ba ta bukatar wata na'ura ta daban, kuɗin farawa kaɗan ne, kuma in ruwa ya ɓaci ana iya zuba mai yawa lokaci ɗaya a farfaɗo da shi. Wahalarta ita ce kullum ana saye, kullum ana aunawa, ga ajiyar sinadari mai haɗari a gidan da ke da yara. Adadin kulorin kuma hawa da sauka yake yi: ya yi yawa bayan an zuba, ya yi ƙaranci kafin a sake.

Kashi na huɗu: hanyar gishiri

Gishirin miya, NaCl, sodiyam ne da kulorin a ɗaure. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa kulorin ne, amma a siffar Cl⁻, wadda ba ta kashe komai. Kafin ya yi aiki sai an ƙwace masa ƙwayar lantarki guda, kuma wannan ne aikin na'urar.

Bayan matata, ruwan yana bi ta wani bututu mai faɗi wanda aka jera farantan ƙarfen titaniyam a ciki, an shafe su da sinadaran ruteniyam ko iridiyam. Ana ba farantan wuta mara ƙarfi, mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir. A farantin da ke da alamar tarawa kulorin ke fita, a mai alamar ɗebewa kuma iskar haidurojin da sodar da masu haɗa sabulu suka sani:

2NaCl + 2H₂O → Cl₂ + H₂ + 2NaOH

Nan take kulorin ya narke:

Cl₂ + H₂O → HOCl + HCl

Kun ga HOCl ya sake bayyana, shi ɗin dai na kashi na biyu. In ya gama kashe ƙwayoyin cuta sai ya koma Cl⁻, ruwa ya sake kai shi wurin faranti, a sake tada shi. Gishirin zagayawa yake yi, ba ƙarewa ba. Michael Faraday ya nuna tun 1833 da 1834 cewa yawan sinadarin da ke fita a faranti yana tafiya daidai da yawan lantarkin da ya ratsa. Ma'ana, in babu wuta babu kulorin, ko da kwamin cike yake da gishiri. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gishirin da ake sawa kusan giram 3 ne a lita. Ruwan teku yana da giram 35, hawayen mutum kusan 9. Ɗanɗanon gishirin a kwami kaɗan ne, kuma masu wanka da yawa suna cewa ruwan ya fi laushi a fata da ido. A Ostiraliya tsarin ya bunƙasa tun shekarun 1970, daga can ya yaɗu.

Ba kowane gishiri ya dace ba. Ana son tatacce, kashi 99 ko fiye. Kantun Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa, da mangul, da gishirin Foga, duk suna ɗauke da ƙasa da wasu sinadarai. Suna da amfani ga dabbobi da girki, amma za su ɓata faranti su gurɓata ruwa. Kanwa kuwa ko kusa, domin za ta tura pH sama.

Ita ma hanyar gishiri tana da nata ciwon kai. Ruwan yakan riƙa karkata ga kanwa, sai an riƙa ɗiga asid. Farin ɓawon kalsiyam yana taruwa a kan faranti, sai an riƙa wankewa. Farantan suna ƙarewa cikin shekara 3 zuwa 7, kuma daga waje ake kawo su. Gishiri yana saurin sa tsatsa a matattakalar ƙarfe, yana cin wasu duwatsun gefen kwami. Sayanurik kuma dole a sayo a zuba, tunda na'urar ba ta yin sa.

Kashi na biyar: lissafi a allo

Mu ɗauki kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita 1.5.

Yawan ruwa: 8 × 4 × 1.5 = 48, wato lita 48,000. In ɗan garuwa ne zai cika shi da jarka mai lita 25, jarka 1,920 ke nan.

Gishiri: giram 3 × 48,000 = giram 144,000, wato kilo 144, kusan buhu uku masu kilo 50.

Kulorin: a ce rana da masu wanka suna cinye miligiram 2 a kowace lita kullum. 2 × 48,000 = miligiram 96,000, wato giram 96 a rana. Mai amfani da gari mai kashi 65 zai raba 96 da 0.65, ya sami kusan giram 148 kullum, kusan kilo 4 da rabi a wata. Mai na'urar da ke fitar da giram 20 a awa zai bukaci wuta ta kusan awa 5 kullum, injin tura ruwa na aiki tare da ita.

Sayanurik: duk miligiram 10 na kulorin da dunƙule ya bayar yana barin kusan miligiram 6 na sayanurik. A lissafinmu, miligiram 1.2 ke nan a kowace lita a rana. Cikin kwana 90 ya haura 100, ninki biyu na iyakar da ake so. In ya yi yawa yana riƙe kulorin ya hana shi aiki, kuma ba ya tashi da tururi. Hanyar rage shi ita ce a zubar da wani sashe na ruwan a cika da sabo.

Ƙafewa: fuskar kwamin murabba'in mita 32 ce. A ce rana da iska suna ɗauke milimita 7 a yini, lita 224 ke nan, kusan jarka 9 kullum.

Kashi na shida: awo da yanayinmu

Wutar lantarki. Duka hanyoyin suna bukatar injin tura ruwa, amma raunin da ɗauke wuta ke yi musu ba ɗaya ba ne. Mai gari, ko an ɗauke wuta zai narka maganinsa a bokiti ya zagaya ya watsa. Mai na'ura kuwa kulorinsa ya tsaya cak. Kwana biyu ko uku a zafin Afrilu sun isa gansakuka ta mamaye ruwa. Hawa da saukar wuta kuma yana ƙona akwatin da ke sarrafa na'urar. A nan sola take da ranarta: lokacin da rana ta fi cin kulorin, lokacin ne farantan sola suka fi ba da wuta. Na'urar kanta ba ta cin wuta da yawa, injin ne mai ci.

Hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura na sauka dare da rana, ta toshe matata, ta ci kulorin. Na'urar gishiri a hankali take aiki, ba ta iya ba da mai yawa lokaci ɗaya. Don haka ko mai gishiri sai ya ajiye gari don irin wannan rana.

Bazara. A Maris, Afrilu da Mayu zafi yakan kai digiri 40. Ruwa na ƙafewa, amma gishiri da kalsiyam da sayanurik suna nan daram. Kada mai gishiri ya ƙara gishiri don ruwa ya ragu, ruwa kawai zai ƙara. Kuma duk ruwan da aka ƙara yana kawo nasa kalsiyam, ɓawo na daɗa kauri.

Damina. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama na cika kwami ya tumbatsa, gishiri ya salance. In ya sauka ƙasa da abin da na'ura ke so, takan daina aiki. A lokacin ake ƙara gishiri, bayan an auna.

Ƙarancin ruwa. Ƙasar Gusau, Tsafe da Bungudu a kan dutse take zaune, irin wanda ya ɓullo a Kwatarkwashi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a cikin tsagogi yake, shi ya sa wasu rijiyoyin burtsatse ke ja baya da rani. Duk tsarin da zai tilasta zubar da ruwa akai-akai, kamar dogaro da dunƙule kaɗai, bai dace da mu ba. Ta wannan fuska gishiri ya fi. Amma ranar da za a zubar da ruwan gishiri, akwai matsala. A ma'aunin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan da narkakken gishirinsa ya wuce miligiram 2,000 a lita yana da babbar illa ga ban ruwa. Na kwami 3,000 ne. Albasa da wake ba sa jure gishiri. A jihar da noma ne abin alfaharinta, ba a sakin irin wannan ruwa a lambu, ko fadama, ko kusa da rijiya. Ruwan kulorin zalla kuwa, in an bar shi kwanaki a rana maganin ya fita, ya fi sauƙin sarrafawa.

Kuɗi da gyara. Hanyar gari araha ce a farko, tsada a kan hanya. Hanyar gishiri tsada ce a farko, sauƙi a kan hanya, sai ranar da faranti ya mutu. Kuma kafin a sayi na'ura sai a tambaya: in ta lalace, wa zai gyara, daga ina kayan za su zo? Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Hukuncin da lissafi ya ba mu shi ne wannan. Gidan da ke da tsayayyar wuta, musamman sola, da mai gyara a kusa, da wurin zubar da ruwa nesa da shuka, gishiri zai rage masa ɗawainiyar kullum. Gidan da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, gari tare da sayanurik daidai gwargwado ya fi masa kwanciyar hankali. Kowanne aka zaɓa, awon kulorin da pH sau biyu ko uku a mako ba ya faɗuwa.

Kashi na bakwai: daga kwami zuwa randa

A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ƙwayar kwalara ba ta jure kulorin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sami aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa, pH na ƙasa da 8, kuma kada ya gaza 0.2 a inda ake ɗiba. Wannan ne aikin WaterGuard da ƙwayar Aquatabs da ma'aikatan lafiya ke rabawa. Sharaɗin shi ne ruwan ya zama garai. Ruwan Gulbin Sakkwato da damina jawur yake, sai an sa alam ya kwanta, an tace, sannan a sa magani, in ba haka ba laka ce za ta cinye shi.

Hanyar gishiri ma ta shigo nan. Gidauniyar Antenna ta Jeniba ta ƙera wata ƙaramar na'ura mai suna WATA, wadda ke karɓar ruwa mai giram 25 na gishiri a lita ta mai da shi ruwan kulorin mai giram 6 a lita. An yi amfani da ita a Gini da Mali da Burkina Faso, kuma tana aiki da sola. Ga asibitin ƙauye da hanya ta yi wa nisa, samun kulorin daga gishiri da hasken rana ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ku san iyakar kulorin. Rai yake kashewa, ba ya cire ƙarfe. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, kulorin ba ya yi mata komai. Haka nan ba za a iya zuba shi a gulbi ko tafki don maganin tsargiya ba, ruwan ya yi yawa, lakar ta yi yawa.

Gwajin aji

A waje za a yi, a gaban malami. A narka cokali ɗaya na gishiri a rabin kofin ruwa. A feƙe fensir biyu ta kai da gindi, a ɗaura waya a bakin kowanne ta sama, a haɗa da batir, a tsoma ɗaya bakin a ruwa ba tare da sun taɓa juna ba. Za ku ga kumfa mai yawa a fensirin ɗebewa, haidurojin ke nan. A na tarawa kumfar kaɗan ce, domin kulorin na narkewa, amma za ku ji ɗan warin bilic. Sai a ɗiga zoɓorodo kusa da kowanne. Wajen ɗebewa jan zai juya ya yi duhu zuwa kore, alamar soda. Wajen tarawa zai koɗe, alamar kulorin. Minti uku sun isa. Ba a kai hanci bakin kofi, ba a sha, kuma ba a taɓa gwada wannan da wutar soket.

Ka'idojin kiyaye kai

1. Ba a haɗa garin kulorin da dunƙule a mazubi ɗaya, suna iya kama wuta ko su fashe.
2. Ba a haɗa bilic da asid ko da ruwan wanke masai, iskar kulorin ce za ta tashi.
3. Magani ake zubawa a ruwa, ba ruwa a kan magani ba.
4. A ajiye shi a inuwa, a busasshen wuri, nesa da fetur da taki, inda yara ba sa kaiwa.
5. Kada na'urar gishiri ta yi aiki ruwa na tsaye, haidurojin zai taru a bututu.
6. A kewaye kwami da shinge mai ƙofa. Ƙaramin yaro yana nutsewa ba tare da an ji motsinsa ba.
7. Kwamin da aka daina kula da shi a zubar da ruwansa, kada ya zama gidan sauro.

Taƙaitawa

HOCl ne ke kashe ƙwayoyin cuta a duka hanyoyin biyu. Ɗaya tana sayo shi a shirye, ɗaya tana yin sa daga gishiri da lantarki. Ƙarfinsa ya rataya ga pH, tsawon ransa ya rataya ga rana da datti. A yankinmu, wuta, ƙura, ƙarancin ruwa da samun mai gyara su ne ke yanke hukunci.

Aikin gida

1. Kwami mai mita 10 × 5 × 1.2, kilo nawa na gishiri yake bukata a kan giram 3 a lita?
2. Ruwa biyu suna da kulorin daidai, ɗaya pH 7.2, ɗaya 8.2. Wanne ya fi saurin kashe ƙwayar cuta, kuma me ya sa?
3. Me ya sa ake ƙara gishiri da damina amma ba a ƙarawa da bazara?
4. Tankin makaranta yana ɗaukar lita 5,000. Giram nawa na gari mai kashi 65 zai ba da miligiram 2 a kowace lita?
5. Ku bincika daga ina ruwan shan gidanku yake zuwa, me ake yi masa kafin a sha, sannan ku rubuta shafi ɗaya kan matakin da ya kamata a ƙara, tare da hujja daga wannan darasi.